Ƙafar Inna da Ta Riga Ta Komawa Argungu

Inna ta cika ranar Laraba da hantsi, a ɗakinta na gidanmu da ke Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, kanta a kan cinyata. Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma. A wurin mutane surukata ce, uwar maigidana. A wurina kuwa ita ce matar da ta fi kowa yi mini faɗa a duniyar nan, kuma tun da ta tafi na rasa yadda zan yi da shirun da ta bar mana a gida.

Kafin ruwan wanka ya yi zafi tsakar gida ta cika da mata. Maƙwabtanmu ba su san ta da ƙarfinta ba. Sun dai san wata tsohuwa mai ƙafa ɗaya da ke zama a bakin ƙofa tana tare masu tallar kifi. Ɗaya daga cikin masu tallar ma ta shigo da tirenta a ka, ta durƙusa tana kuka tana cewa, "Kullum sai ta ce bandata ba ta yi ba, kullum kuma sai ta saya." Wata ta ce ita ba za ta manta da yadda Inna ke duban ƙafar mutum kafin ta dubi fuskarsa ba. Aka yi ta Allah ya jiƙanta, wasu na share hawaye, wasu na murmushi.

Ana cikin haka maigidana ya leƙo ya yafito ni. Ya ce liman ya riga ya tura masu haƙa, da azahar za a yi mata salla a kai ta.

Na ce, "Ba nan za a ruhe ta ba. Argungu za a kai ta."

Ya ce, "Haba, ina Argungu ina nan, ga zahin rana? Ƙasa duk ta Allah ta. Inda mutum yac cika nan aka ruhe shi."

Na ce, "Ƙahwatta tana can."

Matan da suka ji ni suka dubi juna, a zatonsu baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Ban ga laifinsu ba, don yawancinsu ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Saboda su, da kuma jikokinta da suka tashi suka iske ta da sanda, na ga ya kamata in faɗi labarin tun ina da sauran numfashi.

An kai ni Argungu ina amarya tun zamanin Turawa, lokacin da sai ranar kasuwa ake ganin mota a garin. Mahaifina malami ne a Birnin Kebbi, wurinsa maigidana ya yi karatu har aka ba shi ni. Inna kuwa Bakabiya ce ta gidi, da tsagenta reras a kumatu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da bandar kifi ta riƙe gidan. Kabawan Argungu da mutanenmu na ƙasar Gwandu sun sha yaƙi a zamanin kakanni. An daina tun kafin a haife ta, amma ita a bakinta ba a taɓa yin sulhu ba. Ranar da na fara fitowa tsakar gida ta miƙo mini tarwaɗa ta ce in lanƙwasa ta in soke wutsiyar a baki. Kifin ya sulle ya faɗi cikin toka. Ta ce, "Ɗiyar Gwandu ke nan. A ba ku alƙalami ku yini kuna zane, kihi guda ya hi ƙarhinku." Daga ranar sunana ya zama Ɗiyar Gwandu, har ta koma ga Allah ba ta canza shi ba. Ɗanta ma ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne. Sai dai ta ce mini "mijinki", kamar ni na kawo shi gidan.

Har yau idan na ji ƙamshin banda sai in tuna bayan gidan nan. Murahun laka a jere, kifi a shimfiɗe a kan itatuwa, an rufe da tsofaffin tabarmi, hayaƙi na fita ta kowace kafa. Ƙanenta, wanda muke kira Kawu, masunci ne, shi ke kawo mata kamun safe daga gulbi, su yi ta gardama a kan kifin kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Inna ba ta zama. Tana juya kifi, tana korar kaji, tana yi mini faɗa, duk a lokaci guda, zaninta a ɗaure sama da gwiwa. A nan na fara ganin tabon. A ƙwaurinta na hagu yake, fari, mai sheƙi, faɗinsa kamar tafin hannu. Tun tana budurwa wani itace mai wuta ya gangaro daga murhu ya kwanta mata a wurin. Kowane rani fatar takan tsage, ta shafa man shanu, kafin damina ta yi nisa ya rufe. Ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, mu ma haka.

Wata shekara ya tsage bai rufe ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa, yana nan. Aka ce gyambo ne, gyambo kuwa ba baƙon abu ba ne ga mutanen bakin ruwa. An barbaɗa garin magani, an ɗaura ganye, wanzami ya kafa ƙaho a gefensa. Maimakon ya ragu sai ya sake kama. Bakinsa ya yi tauri ya naɗo waje, nama ya tsiro a cikinsa gudaji-gudaji, ko zani ya goge shi sai jini. Sannan ga wari, wanda duk hayaƙin gidan ya kasa ɓoyewa. Ni ke wanke mata shi kowace safiya da ruwan ɗumi da gishiri. Ranar farko ta juya kai don kunya. Kafin wata ya mutu kunyar suruka ta kau tsakaninmu, ina wanki tana gyara mini yadda ake matse tsumma.

Zafin ciwon bai taɓa sa ta kuka a gabana ba. Abin da ya karya mata zuciya shi ne ranar da wata tsohuwar mai sayen kifinta ta zo, ta tsaya daga nesa, ta ce yau ba ta da buƙata. Inna ta bi ta da kallo har ta fita, ta zauna a kan turmi, ranar ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta taɓa jinyar wata ƙawarta da irin wannan gyambo ya cinye, saboda haka ta san sunan abin. Mu ma mun sani. Amma ba wanda ya yarda kalmar daji ta fito daga bakinsa a gidan.

Kawu ne ya ɗauke mu a jirginsa zuwa Birnin Kebbi, lokacin ruwa ya cika fadama. Ban taɓa ganin ƙasarmu da kyau irin na wannan tafiya ba. Shinkafa kore shar ta ko'ina wajen Zauro, balbelu na tashi a gabanmu, masunta na ɗaga wa Kawu hannu. Inna na zaune a tsakiyar jirgi, ƙafar a miƙe a kan ƙwarya, tana faɗa mini sunan kowane tafki da irin kifin da ke cikinsa. A gidan mahaifina muka sauka. Da aka kawo mata tuwo ta ɗanɗana miyar ta ce ba laifi, a matsayin miyar Gwandu.

Likitan asibitin Bature ne, da wani ma'aikaci da ke yi masa tafinta. Ya daɗe yana duban gyambon. Ya laluba matsematsinta yana neman kaluluwa, ya tsinki ɗan nama ya ce za a aika a duba. Muka yi ta jira har amsa ta dawo, sannan ya zaunar da mu ya yi bayani, tafinta na juya mana. Ya ce ciwon daji ne irin na fata, wanda kan tashi daga tsohon tabon wuta ko gyambon da ya daɗe bai warke ba. Ba sammu ba ne, kuma ba ya kama mai wankewa. Da an zo tun yana ƙarami, da wurin kawai za a yanke tare da kewayensa, a ɗebo fata daga cinya a rufe. Amma yanzu ya kama ƙashi, sai dai a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Abin da ya ba shi ƙarfin zuciya, in ji shi, kaluluwarta ba ta kumbura ta yi tauri ba, alamar ciwon bai hau sama ba tukuna. Idan aka bar shi zai hau, ranar kuwa ko an yanke ba lalle ya yi amfani ba.

Inna ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "A hwaɗa mai na gode. Ba a yankewa."

Ba irin roƙon da ba a yi mata ba. Kawu ya yi fushi ya koma bakin ruwa ya zauna cikin jirginsa. Maigidana, ƙato da gemu, ya durƙusa a gabanta yana hawaye. Kowa ya ɗauka wuƙa take tsoro, ana ta gaya mata ai za a sa ta barci, ba za ta ji komai ba. Ni kuwa haushi ne ya cika ni, don na san matar da ke ɗaukar garwashi da yatsa ba wuƙa ce za ta firgita ta ba. Da la'asar ina wanke mata ciwon a gindin darbejiyar gidanmu, na ce, "Inna, ki hwaɗa mani gaskiya. Mi kika tsoro?"

Ta ce, "In an yanke ta, ina za a kai ta?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To kin gani. Kakannina sun mutu ba su ba Gwandu taki guda ba, ni in ba ku ƙahwa sukutum?"

Na fashe da dariya, ita ma ta yi. Sai kuma fuskarta ta canza. Ta ce mijinta na kwance a maƙabartar Argungu, da 'ya'yanta da suka mutu suna goye, a wuri guda. "Ranar da anka tashe mu, ni in tashi can, ƙahwata tana nan. Da mi zan taka in iske su?" Wannan karon ban yi dariya ba, na dai ci gaba da matse tsumma, idona ya cika.

Na kai maganar wurin mahaifina. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin da take, suka gaisa irin ta surukai, sannan ya ce Ubangijin da zai tattara ƙasusuwan da suka zama ƙasa, ƙafa ɗaya ba za ta ɓace masa ba. Amma gaɓar ɗan Adam tana da alfarma, ba a yar da ita. Ana naɗe ta a farin ƙyalle a binne, ba a dai yi mata salla. Bai kuma ga abin da ya hana a binne ta a Argungu ba, in akwai mai kai ta da wuri. Inna ta ce, "Yau kam malamin Gwandu ya yi magana." Da aka gaya wa likita sharaɗin sai ya sa tafinta ya maimaita, sannan ya ce in dai wannan ne kaɗai, an gama.

Da safen da za a shiga da ita, ta damƙi wuyan hannuna har sai da na ji zafi. Ta ce, "Ɗiyar Gwandu, ko ina nac cika, ki kai ni ga ƙahwata. Ba mijinki na ba amana ba. Shi mai jin kunyar mutane na, za a lallashe shi. Ke kuwa kanki ya hi dutse tauri." Na ce na ɗauka.

Jirgi ba zai yi ba, don komawa Argungu gaba da ruwa ne, tafiyar za ta daɗe. Dole Kawu ya shiga mota, shi da bai taɓa hawa abin da ba ya kan ruwa ba. An ba shi ƙafar a naɗe cikin farin alawayyo, shi kuma ya ƙara naɗe ta a tabarma ya ɗaure da igiya, irin ɗaurin da ya iya, wato ɗaurin kifi. Karen mota ya ce a jefa saman kaya, Kawu ya ce sai dai a jefa shi tare da ita. Haka ya zauna da ita a kan cinya. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da shi ya yi ta satar kallon ɗaurin, har ya kasa haƙuri ya tambaya ko giwan ruwan nan na sayarwa ne. Kawu ya ce, "Na yayata na, ba ta saidawa." Kafin rana ta faɗi ya binne ta a gefen maƙabarta, kusa da wata aduwa. Shekara da shekaru in ana hira sai an sa shi ya maimaita labarin, Inna na dariya har da riƙe ciki.

Ta warke. An duba ta an sake dubawa, ciwon bai dawo ba. Kawu ya sassaƙa mata sandar dogarawa daga tsohon filafilin jirginsa, ta koma bakin murhu tana banda a zaune, masu sayen kifinta suka dawo, har da waccan da ta tsaya daga nesa. Inna ta sayar mata, amma sai da ta zaɓo mata mafi ƙanƙanta. Idan Kawu ya shigo da kifin safe, bayan gaisuwa sai ta tambayi ƙafarta ta ce, "Ina labarin 'yar gida?" Shi kuma ya ce, "Tana nan lahiya, tana jiranki." Ta ce, "Ta yi ta jira, ban shirya ba."

Daga nan ne ta kama ɗabi'ar duban ƙafafun mutane. Duk mai tsohon tabon wuta ko gyambo, in ya bi ta gabanta sai ta tsayar da shi. Tambayarta ba ta wuce ko ya daɗe bai ruhe ba, ko bakinsa ya yi tauri, ko yana jini. In ta ji abin da ba ta so sai ta buga sandar a ƙasa ta ce, "Tahi asibiti tun ana yanke kaɗan." Wasu sun ji, wasu sun ce tsohuwa na neman abokan gurgunta. Akwai wata matashiya mai banda daga Augie da Inna ta takura wa har ta raka ta Birnin Kebbi da kanta. Ita wurin kawai aka yanke, aka ɗebo fata daga cinyarta aka rufe, ta dawo da ƙafafunta biyu. Ranar da ta zo godiya Inna ta shafa wurin ta yi ta sa mata albarka. Bayan ta tafi sai ta ce mini, "Na yi mata murna, amma wallahi na ji ƙyashi. Da na samu tsohuwa mai baki irin nawa tun da wuri, da yanzu ina bisa ƙahwahuna." Ban taɓa jin ta yi kukan ƙafar ba sai ranar.

Turawa suka tafi, aiki ya dawo da maigidana Birnin Kebbi, ƙarfin Inna ya ƙare, muka ɗauko ta. Ta zo tana mita, ta ce an ci ta da yaƙi a tsufanta. Ta yi goyon 'ya'yana da jikokina a zaune, ta koya wa kowannensu cin kifi ba tare da ƙaya ta shaƙe shi ba. Ba ta sake tayar mini da maganar alkawarin nan ba ko sau ɗaya. Na san ba mantawa ta yi ba, ta dai san wadda ta ba.

Shi ya sa ranar Larabar nan na tsaya a gaban maigidana ban kauce ba. Ya ce liman na jira, mutane sun taru, me zai ce musu. Na ce, "Ita da bakinta tac ce za a lallashe ka. Ka ga ko ba ta yi ƙarya ba." Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakinta, sai ya juya ya fita. Ina jin muryarsa daga zaure yana ba liman haƙuri, yana cewa wasiyya ce, hanya kuma yanzu ta yi kyau, kafin la'asar an isa. Liman ya ce in haka ne a hanzarta. Na yi mata wanka da hannuna, na wanke dungun ƙafar nan kamar yadda na saba, aka sa ta a mota.

A tsohon gidanmu na Argungu aka yi mata salla. Murahun sun rushe, amma bangon bayan gida har yanzu baƙi ne da hayaƙinta. Matar nan ta Augie ta iso da yamma, ita ma ta tsufa, ta zauna cikin mata ta janye zaninta tana nuna wa kowa ƙwaurinta. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, saboda haka abin da ya faru a can daga bakin maigidana na ji shi.

Kawu ya tsufa ƙwarai, sai da aka riƙe shi, amma kai tsaye ya nufi gindin aduwar nan. Maƙabarta ta cika ta ko'ina, sai wani ɗan fili da ya rage a kudu da itacen, daidai tsawon mutum. Ashe tun ranar da ya binne ƙafar ya auna. Ya san ana kwantar da mamaci kansa a kudu, ƙafafunsa a arewa, sai ya sa ta daga arewa ya bar wa sauran jikin wuri. Duk tsawon shekarun nan, in an yi rasuwa masu haƙa suka doshi wurin, sai ya je ya tsaya ya ce akwai mai shi. Bai taɓa gaya wa kowa a gida ba, har ita Innar.

Da suka dawo aka zaunar da shi a bakin ƙofar tsakar gida, na kai masa ruwa. Ya karɓa ya sha, ya ce, "Ɗiyar Gwandu, kin cika amana. Mun ajiye ta daidai, ba ta ko buƙatar miƙa hannu."

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da mijinta da 'ya'yanta. Ya saka wa Kawu da alheri. Sandar tana nan a ɗakina, jingine a bayan ƙofa. Jikokina sun tambaye ni me ya sa ba a kai mata abarta ba, na ce musu a inda take yanzu ƙafafunta biyu ne.